Tukunyar Geron Baba Zailani

"Baba, fito haka nan. Bango ya tsage ta baya."

Daga bakin ƙofa nake magana, ruwa na dukan ƙeyata. Tun shekaranjiya ake marka a Burumburum. Kududdufin da ke bayan gidan maƙwabcinmu Baba Zailani ya tumbatsa, yana cin gindin ɗakinsa.

"Ɗan boko, ka cika gaggawa," ya amsa daga ciki. "Ɗauki Laraba tukuna."

Laraba matarsa ce, tsohuwa, ƙafafunta sun mutu tun bara. Na goya ta zuwa zaurenmu. Ba ta da nauyi.

Duk rani a ramin kududdufin nan unguwa ke haƙar ƙasar yaɓe, kowace shekara yana matsowa. Baba Zailani baƙo ne, ba ɗa ba ƙane. Da ya kai kuka, aka ce filin jama'a ne. Nasa bangon kuwa bai ga yaɓe ba tun da ƙarfinsa ya ƙare.

Ina komawa, Rufa'i na tsallaken lungu yana kan soronsa yana gyara indararo.

"Kawo hannu mu fito da shi," na ce.

"Ɗakin nan ya girme ka, ba inda za shi. Ni nawa ke yoyo."

Na tarar da tsohon a durƙushe, yana jan wata babbar tukunya. Ƙasa na zubo masa a ka.

"Bar ta, Baba."

"Geron ke nan har kaka. In ya jiƙe, me Laraba za ta ci?"

"Za a ba ku."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "Kamar yadda aka ba ni yaɓe?"

Na sa ƙafa zan shiga.

"Kul. Tsaya nan, karɓi."

Ya turo ta da kafaɗa. Na kama bakinta, na ja waje. Azara ta yi ƙara. Ɗakin ya durƙusa a hankali, kamar saniya za ta kwanta.

Da fartanya da hannu muka tono gawarsa, gab da la'asar. Har da Rufa'i, yana ta salati.

Laraba na nan a zaurenmu, tukunyar a gefenta. Ba ta yarda a buɗe ba.

Ranar da rana ta fito, na ga jakin Rufa'i tsaye a kangon, ana cika masa mangala da ƙasar ɗakin.