Kwanta Ka Ɗauka

"Ku kwanta rubda ciki," na ce da ɗalibaina, "haɓarku ta taɓa ƙasa."

Su shida ne, malaman firamare huɗu da akawu biyu, duk magidanta, amma suka zube a kan yashi mai ƙuna ba musu. A Gumel ta lokacin, bazarar 1974, wanda ya yi shekara uku a shagon hoto a Kano kamar ni, ko cewa ya yi a ɗauki hoto da ƙafa ɗaya, yi za a yi. Ni ne Ilu Mai Hoto. Ba na ɗaukar amare, ba na ɗaukar taron suna, na raina wannan. Ƙasa nake ɗauka: tudu, tafki, kuka, gajimare. Duk Asabar nakan kwashi masu son koyo in kai su daji, daga Maigatari har Gagarawa, in nuna musu inda kyau yake ɓuya.

A shekarar nan kyau ya yi wuyar gani. Damina biyu ke nan ruwa yana yi mana rowa. Hanyar Sule Tankarkar ba abin da ke gefenta sai mushen shanu da ungulu. Da na rasa inda zan kai su, sai na tuna da Rugar Ya'u, inda yayata Adda take auren shi Ya'un.

A bayan rijiyar rugar Adda ta killace wani ɗan wuri da ƙaya, faɗinsa bai fi tabarma ba. Ta shuka wake da ciyawa a ciki, tana ba su ruwan alwala da na wanke ƙwarya, ɗigo-ɗigo. Daga shanu talatin saura musu saniya ɗaya, kuma wannan ɗan ganye ne yake riƙe da ita. Ita saniyar kuma ɗan nonon da take tsatsowa ne yake riƙe da Fadimatu, 'yar autar Adda mai shekara uku.

Ni duk ban ga wannan ba. Kore na gani.

"Ga sirrin sana'ar," na ce, ina kwance a tsakiyarsu. "In ka tsaya a tsaye, abin da ke nan za ka gani. In ka kwanta, abin da kake so za ka gani. Ku matso da kyamara har ganyen ya cika ido. Ku sa itacen gawon can a baya, shi da rani yake ganye. To, me kuka gani?"

"Fadama!" in ji ɗaya daga cikin malaman. "Wallahi fadama guda!"

Na ji daɗi har cikin raina. Sai dai akwai abin da ke ɓata mini aiki a gefen hagu: Adda, tsaye da ƙwarya a hannu, Fadimatu goye a baya, ga saniyar nan da za ka iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.

"Adda, ɗan kauce, kina cikin hoto. Ja saniyar nan ma."

"Mu ba ma shiga ne, Ilu?"

"Hoton ƙasa ne, ba na mutane ba."

Ta ja saniyarta ta koma gefe, na danna. Da za mu tafi ta biyo ni har wajen mota, ta rage murya don kada baƙi su ji.

"An ce masu rabon hatsi za su zo daga Kano. Kai da kake cikin gari, ka gaya musu muna nan. Dusa muke dafawa, ita ma ta kusa ƙarewa. Yarinyar nan ba ta ko kuka yanzu."

"Kada ki damu, Adda. Da bakina zan gaya musu."

* * *

Malam Dogo, babban akawun gunduma, shi ne ya kawo shawarar a yi nunin hotuna ranar da kwamitin agaji zai iso. Na kai masa hotuna arba'in, nawa da na ɗalibaina. Ya zauna yana ware su kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Duk wanda ya ga mushe a ciki, ko busasshiyar rijiya, ko rumbu a buɗe ba komai, sai ya kifa shi.

"Malam Ilu, baƙi za su zo gidanka, sai ka tare su da mushe? So kake a koma Kano a ce ƙasa ta lalace a hannunmu? Yunwa ai sirri ce. Kowa ya san da ita, ba sai an rataya ta a bango ba."

Da ya zo kan hoton Rugar Ya'u sai ya miƙe tsaye. Fim mai launi ne, a Kano aka wanke shi, aka faɗaɗa shi ya kai girman taga. Ganye shar tun daga ƙasan hoton har inda ido ya ƙare, gawo a can baya, sama fes.

"Wannan shi za a sa a bakin ƙofa," in ji shi.

Ni da hannuna na rubuta takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsa, da rubutuna mai lanƙwasa da nake taƙama da shi: Rugar Ya'u, Afrilu 1974.

Mutum uku ne a kwamitin. Shugabansu wani dattijo ne mai tabarau, da ka gan shi ka ga wanda ya gaji. Tun a bakin ƙofa na ji yana gaya wa Malam Dogo cewa mota huɗu ta hatsi aka ba shi, garuruwan da ke takardarsa kuwa sun fi arba'in, dole wasu su jira. Yana faɗa idonsa ya sauka a kan hotona. Ya tsaya. Ya gyara tabarau ya karanta takardar.

"Wannan watan aka ɗauka?"

"Wannan watan, ranka ya daɗe," na ce, ƙirjina a buɗe.

"Ba a yi masa wani gyara ba?"

"Ko kaɗan. Abin da kyamara ta gani ke nan."

"Alhamdu lillahi. Ashe akwai inda Allah ya raga wa."

Ya zaro takarda daga aljihu, ya bi ta da yatsa, ya cire alƙalami ya ja layi a kan wani suna. Ina tsaye kusa da kafaɗarsa, na ga sunan da idona.

Rugar Ya'u ce ya soke. Na buɗe baki. Maganar ba ta da tsawo: ranka ya daɗe, faɗin tabarma ne, kwanciya na yi. Amma kafin ta fito sai na ji takalmin Malam Dogo a kan ƙafata, yana dannawa a hankali, fuskarsa cike da murmushi. Dattijon kuma ya juyo ya dafa ni.

"Samari, kana da hannu. Za a yi babban nuni a Kano wata mai zuwa. Wannan hoton ya kamata ya je, da sunanka a jiki."

Ɗalibaina shida suna wurin, su ma sun kwanta a yashin nan, sun san gaskiya. Suka dube ni. Da suka ga malaminsu ya yi shiru, su ma suka yi shiru. Na ce a raina gobe zan same shi shi kaɗai in warware masa. Kafin gobe ta yi motarsu ta kama hanya. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba: da na ji sun tafi, sauƙi na ji, ba baƙin ciki ba.

* * *

Mako uku na yi a Kano. Aka yaba, aka tafa, aka ba ni takardar yabo mai zanen zinariya a gefe. Da na dawo na sayi rabin buhun gero na ɗaura a babur, na sa ƙaramin kwafin hoton a aljihu, na nufi rugar da hantsi. A hanya ina ta shirya yadda zan ba Adda labarin tafin da aka yi mini.

Ban ji kukan saniya ba. Bukkoki biyar, huɗu an kwashe su, sai da'irar toka a inda suke. Adda na zaune a bakin ta biyar tana ɗaure ƙore a cikin tsumma. Bayanta ba goyo.

"Sannu da zuwa, Ilu. Ya hanya?"

"Adda, ina mutane? Ina Ya'u?"

"Sun yi kudu. Ya'u ya je neman wanda zai ara mana jaki, mu ma mu bi su." Ta ci gaba da ɗaurinta. "Saniyar ta faɗi. Bayanta da kwana shida Fadimatu ta bi ta. Yau kwana tara."

Na sauke buhun a gabanta don na rasa abin da zan yi da hannuwana. Ta dube shi, ba ta taɓa ba.

"Motar hatsin ta wuce ta can," ta nuna hanya da haɓa. "Muka bi ta da gudu har Ɗanzomo. Mai takarda ya duba ya ce babu sunanmu, wai mu muna da fadama. Na ce wace fadama? Ya ce manya sun gani da idonsu." Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. "Na san ka gaya musu, Ilu. Ba su ji ba ne."

Ban san abin da ya sa na zaro hoton ba. Wataƙila so nake ta gane da kanta, ta zage ni, ta tsine mini, in huta. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta daɗe tana kallo, ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi.

"Kai, wuri mai kyau," ta ce a hankali. "Ina ne nan?"

Na kawar da kai, ta ci gaba da kallon hoton.

"Allah sarki. Da mun san da wurin nan, da can muka kai ta."

Ta ga yatsanta ya bar ɗan tabo a gefen hoton. Ta kama bakin zanenta ta goge shi tas, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na zagaya bayan rijiya. Ƙayar tana nan yadda ta kafa ta, a ciki kuwa sai 'yan busassun karare. Na tsaya a tsaye a kan wurin, inuwata ta rufe shi duka.