Ƙafar Kyanwa

Shekara goma sha tara Guduma ya yi yana tausar 'yan ƙwallo kafin ya taɓa zama a aji. 'Yan wasan ne suka laƙaba masa sunan, don in ya ɗora hannu a cinyarka sai ka ambaci sunan kakarka. Da hukumar wasanni ta ce ba wanda zai ƙara taɓa ɗan wasa sai da takardar shaida, ƙungiyarsu ta tura shi horon wata uku. Ya tafi yana ƙunƙuni, ya tarar duk ajin sa'annin 'ya'yansa ne.

Ɗakin karatun gadaje shida ne sirara, kowanne da rami inda mutum ke sa fuska in ya kwanta rub da ciki. A kusurwa an rataye ƙashin baya na roba, zarurruka rawaya na fitowa tsakanin gaɓoɓinsa. Malamar likitar gashin ƙashi ce, 'yar gajeruwa, ba ta ɗaga murya.

Ranar farko ta ce ya danna bayan wani ɗalibi. Ya danna, ɗalibin ya yi ƙara kamar an taka kwaɗo, aji ya kwashe da dariya.

"Baba, ba kwaɓin siminti muke yi ba," in ji Malama. "Nemo gaɓa ɗaya. Ɗora babban yatsa. Shiga a hankali har ka ji ta fara turjewa, sai ka tsaya nan, ka riƙa girgiza ta kaɗan-kaɗan."

Sati biyu hannunsa bai ji komai ba sai fata da nama. A na uku ne ya ji wata gaɓa ta motsa ƙarƙashin yatsansa, ta kusa da ita kuwa ta ƙi. Ya ɗago kai ya dubi Malama, ta gyaɗa masa kai.

Daga nan suka shiga darasin jijiya. Ta ce jijiyar da ke ɗauko saƙo daga lakar baya ba tsoka ba ce, ba ta son ja, zamewa take yi a cikin hanyarta kamar zariya a wando. Suka zauna bakin gado: ka miƙe ƙafa ka ɗaga haɓa, ka lanƙwashe ƙafa ka sunkuyar da kai, ana sakin gefe ɗaya yayin da ake jan ɗayan.

Ranar wata Laraba ta rufe littafinta ta ce yau za su koyi lokacin da ake janye hannu.

"Mutum ya zo da ciwon ƙugu yana sauka har ƙafa. Ka ce ya taka da diddige. In tafin ƙafar ya ƙi ɗaguwa, ko babban yatsa ba ƙarfi, ko ya ce wajen ya mutu ba ya ji, kada ka ja, kada ka danna. Wani abu ne ya matse jijiya. Asibiti, a ranar."

Nan take Guduma ya tuna. Shekara goma sha ɗaya baya, a hutun rabin lokaci, golansu da ake kira Kyanwa ya kwanta a benci ya ce ƙafarsa ta dama tana minjirya, yatsansa kamar ba nasa ba. Koci na tsaye yana duba agogo. Guduma ya ɗora ƙafar a kafaɗa ya tura ta har kusan ƙirjin yaron, ya juya shi ya sa gwiwa a ƙugunsa. Kyanwa ya koma raga ya ƙarasa wasan. Washegari ya tashi yana jan ƙafa, bai ƙara sa safar gola ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, shi ma haka ya ce.

Da aka tashi ya tsaya har ɗakin ya watse, ya gaya wa Malama komai.

"Ni na nakasa shi?"

"Ban gan shi a ranar ba, Baba. Wataƙila ɓarnar ta riga ta faru. Wataƙila ka ƙara mata. Ba zan ce maka babu hannunka ba."

Ranar Asabar ya nemi shagon Kyanwa. Ɗinki yake yi yanzu, a wani lungu bayan masu gyaran babur. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Da ƙafar hagu yake taka keken, ta damar na ajiye gefe cikin takalmi mai ƙarfe a idon sawu.

"A'a! Kawu Guduma! Wa ya mutu?" Ya kawar da yadudduka daga kan benci. "Zauna, amma hannunka a aljihu."

Guduma bai yi dariya ba. Ya zauna ya faɗi abin da ya koya, da abin da ya tuna. Kyanwa ya tsayar da keken.

"Shekara uku na yi ina jin haushinka," in ji shi. "Ko a hanya na hango ka, sai in sauya titi. Daga baya na tuna ni na ce ka danna da ƙarfi, wai ana zuwa kallona daga babbar ƙungiya. Ba wanda ya san komai a cikinmu, Kawu."

"Ni ya kamata in sani. Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma ƙafar dai ba za ta dawo ba, an gaya mini tuntuni."

Can Kyanwa ya riƙa yarfe hannun dama, ya ce yatsu biyu ke mutuwa masa in ya daɗe a sunkuye. Guduma ya miƙe, sai kuma ya koma ya zauna, ya fara tambaya: tun yaushe, waɗanne yatsu, abu na suɓuce masa, yana hana shi barci? Ya sa shi ya damƙi yatsunsa da kowane hannu. Ƙarfin ɗaya ne.

"Duk da haka ba zan taɓa ka yau ba. Litinin ka zo Malama ta duba ka a gabana."

Kyanwa ya zo, yana jan ƙafa a kan matakala. Malama ta duba wuyansa, ta ce daga can ne, kuma da sauƙi. Ta ja da baya ta ce Guduma ya yi aikin. Ya riƙe hannun, ya buɗe shi gefe a hankali, yana sakin wuya in ya miƙe gwiwar hannu, yana tambaya a kowane motsi.

Sati shida suna haɗuwa, yatsun suka warware. Jarrabawar rubutu ta kayar da Guduma a zaman farko, ya ci a na biyu. A kakar wasan da ta biyo baya ya hana wani ɗan wasan gaba da tafin ƙafarsa ya ƙi ɗaguwa fita wasan ƙarshe, ya kai shi asibiti da kansa, koci ya yi kwana goma ba ya amsa gaisuwarsa.