Kuskuren da Manhajar Rufaida Ta Haɗiye

Ƙarfe goma na safe Malam Balarabe, shugaban ƙungiyar manoman rani a gefen Tiga, ya kira Rufaida. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"'Yata, ruwa ya shanye tumatirin mutum shida, injin kuma ya ƙi tsayawa."

Ita ta rubuta manhajar da ke kunna injin ban-ruwansu ta kashe shi, gwargwadon abin da ma'aunin danshin ƙasa ya aiko. Tana Tudun Wada lokacin, gidan yayarta ana hidimar suna. Ta shige ɗaki ta buɗe kwamfuta a kan gado, wayar na maƙale a kunnenta.

"Baba, ku kashe shi da hannu mana."

"Makullin ɗakin injin yana wurin Munir mai kula da shi, ya tafi ta'aziyya Doguwa. Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce."

Manhajar ta nuna komai lafiya lau, abin da ya ƙara tayar mata da hankali ke nan. Ta bi rubutun layi-layi har ta iso inda ta yi ganganci wata uku baya, ranar da take gaggawa. Ta umarci manhajar cewa duk kuskuren da ya taso ta kama shi, ta yi shiru, ta ci gaba. Ashe ma'aunin ya lalace tun safe, shirme kawai yake aikowa. Manhajar tana haɗiye kuskuren, tana aiki da awon jiya, wanda ya ce ƙasa a bushe take.

Ta ware kurakuran. In sabis ne ya ɗauke, a sake gwadawa sau uku. In ma'auni ya aiko shirme, kada a ɓoye, a tura wa shugaba saƙo. Ko wanne ne ya faru, a kashe injin tukuna.

Ta tura gyaran, sabis ɗin intanet ya yanke. Ta fito tsakar gida da kwamfutar a hannu, ta ratsa mata masu tuƙin tuwo, ta tsaya jikin katanga ta sake turawa.

Ta cikin wayar tana jin rurin injin. Ya yi tari sau biyu, ya mutu.

"Ya tsaya," in ji Malam Balarabe.

"Baba, laifina ne. Ni na ce wa manhajar ta yi shiru."



"To, gobe ki zo ki faɗa wa manoman da bakinki. Ki sako takalmin roba, ruwan ya kai ƙauri."