Itacen Kabarin Inna

An yi wa Inna Hawwa'u wanka, an sa mata likkafani, an sallace ta. Masu haƙa suka aiko daga maƙabartar Mawashi cewa kabari ya kammala, itacen rufi kawai ake jira.

Aka juya ga ɗanta Ashiru. Shi kaɗai ya san guntayen itacen marken da tsohuwar ta adana a bayan ɗakinta tun da sauran ƙarfinta, tana cewa da su za a rufe ta, ba sa nan. Tun da gas da kalanzir suka fi ƙarfin talaka, kowa ya koma murhu, Ashiru ya jingine fartanya ya ɗauki gatari. Ranar da Dominic mai gidan burodi a Kankia ya matsa masa, ya kwashe har na Inna ya cika lodi, da niyyar ya saro wasu ya mayar. Niyyar Ashiru kuwa a baki take ƙarewa.

Ya hau babur ya nufi dajin Sukuntuni. Daji dai suna ya rage. Ko'ina kututture ne, kuma ya gane kowanne, don saran hannunsa ne. Ya yi ta gewaya har mai ya ƙare, ya turo babur gida rana ta take.

Kawu Bubayero, ƙanen marigayiyar, ya tare shi a ƙofa.

"Ina iccen?"

"Babu, Kawu."

"Mun bi gida-gida, kowa da kara da kashin shanu yake girki. To mi za mu aza mata? Ƙasa za mu zuba mata a fuska?"

Ashiru ya ɗaga kai ya dubi dalbejiyar ƙofar gida. Ita ce bishiyar ƙarshe a unguwar. Inna ta dasa ta shekarar da ta haife shi, ta raine ta da ruwan alwala. Manyan rassan tuni ya sace su ɗaya bayan ɗaya, amma da ya taɓa doso gindin da gatari, da muciya ta kore shi. Yau babu mai korarsa, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Da ya sa wa bishiyar gatari ta faɗi, kukan mata ya tashi sabo daga cikin gida. Itacen ya isa rufi, bai yi saura ba.

Bayan an rufe ta, masu ta'aziyya suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida cikin rana, suna sharce gumi. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Allah ya ni'imta makwancinta."

Ashiru yana amsawa da amin, zaune a kan kututturen.