Ƙwayar Maƙoƙon Furera

A shekarar da taki ya gagari talaka, shiga motar Kano ma sai mai ƙarfi, Furera ta sake samun ciki. Tana da maƙoƙo, kuma malamar asibiti ta ja mata kunne a gaban surukarta, Inna Maijidda: ƙwayar nan ɗaya kullum da safe, ban da fashi, don ƙwaƙwalwar abin da ke cikin tana bukatarta.

Ba sai an maimaita mata ba. A cikinta na fari ba ta sha komai ba, ga kuma 'yar da ta haifa, Rukayya. Sa'o'inta har sun fara biya allo, ita kuwa kalmar "ruwa" ma sai ta yi ta kokawa da ita. Malamar asibitin ta ce Allah ne masanin dalili, amma Furera ta riga ta ɗora wa kanta laifi.

To, sai ƙwaya ta soma ƙarewa tun wata bai yi nisa ba. Kai! Magani da sai Khalilu, mijinta, ya karaɗe Kano kafin ya samo? Ta fara zargin shi ɗin, don kullum cikin mitar tsadar maganin yake, amma mutumin da ko hularsa ba ya ganewa inda ya ajiye, ina zai gano kwalba a ƙasan jeren kwanuka? Saura mutum ɗaya. Inna ce ke cewa su a zamaninsu ba su san wata ƙwaya ba, kuma ga 'ya'yansu nan garau. Lallai a masai take zubarwa! Furera ta cika ta yi fam, amma wa ke tuhumar uwar miji? Ta mayar da kwalbar cikin matashi, ta mayar cikin buhun gero, duk a banza. Dole ta koma sha yau, gobe ta tsallake, tana dafe da ciki tana tsoro.

Rannan da hantsi ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta roron wake. Tana kaiwa bakin darni ta juyo, ta laɓe jikin asabarin ɗakin Inna.

Tsohuwar na zaune, tana murƙushe farar ƙwaya da bayan ludayi cikin koko. Rukayya na kan cinyarta. 'Yar fari ce, a ɗakin kaka take kwana, kunya ba ta bari Furera ta ƙura mata ido ko ta ambaci sunanta. Yau ta ƙura. Yarinyar ta rame, gumi sharkaf a goshi, 'yan yatsunta sai rawa suke.

"Inna! Me kike ba ta?"

Inna ko gezau. "Abin da ake ba ki mana. Da kunnena na ji an ce yana gyara kan yaro. Na ciki aka sani, wannan da ke gabanmu fa? A bar ta haka? Kin ga ma ya fara aiki, ko barci ba ta yi yanzu."

Furera ta saki ƙwaryar, ta fizge yarinyar ta rungume. Ƙirjin nan ƙarami sai bugawa yake fat-fat kamar na ɗan tsako a hannu. Ta yi waje ko mayafi babu, tana kiran Khalilu ya kawo keke, sannan a gaban surukarta da maƙwabta da kowa, ta buɗe baki.

"Rukayya! Rukayya, dube ni!"

Yarinyar ta waiga wajen kakarta, don ba ta taɓa jin sunan daga wannan bakin ba.