Awon Ƙofa

Tun da na yi wayo na san Baba da tef ɗin awo a wuya. Tela ne, shekara talatin da ɗoriya yana taka keke ɗaya, baƙin keken nan mai zanen ruwan zinari da duk ya goge. Kuma ba yadi kaɗai yake aunawa ba. In aka sayo katifa sai ya auna ta, in aka kawo labule sai ya auna taga, har Umma takan ce ranar da ya fara ganinta ma da ido ya ɗauki awon kafaɗarta kafin ya yi mata magana.

Sai hatsarin mota ya taɓa masa ƙafafu. Hannuwansa lafiya lau, idonsa ras, amma ƙafar da za ta taka keken ta daina amsawa. Shagon nasa ɗaki ne a gaban gidanmu, aka ja ƙyaure aka rufe. Shekara guda da wata biyu yana zaune a keken guragu, tef na rataye a wuya, ba abin aunawa. Yayana ya taɓa kawo shawarar a sayo keken ɗinki na lantarki, Baba ya ce shi ma ai da ƙafa ake danna shi, kuma ko da baki ake hura shi, shi ba zai rabu da tsohon abokinsa ba. Abin yana cina ƙwarai, don gidanmu ba a saba jin shiru da hantsi ba.

Ina aji huɗu a sashen injiniyan ƙere-ƙere aka sa mu wani darasi da ba a zama a aji. Daktan da ke koyar da mu ya raba mu uku-uku, ya ce: "Ku nemo mutum mai rai, mai matsala ta gaske, ku ƙera masa abin da zai yi aiki da shi. Ranar baje koli shi zai gwada a gaban alƙalai, ba ku ba. Ku naku kallo."

Ban bari abokan aikina sun buɗe baki ba na ce na riga na samo mutum. Ɗaya muna kiransa Farfesa, don ko shayi zai haɗa sai ya buɗe kwamfuta. Ɗayan kuma Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a ajin, shi ne gwanin walda. Muka tsara tebur na ƙarfe mai tsayin da keken guragun Baba zai shige ƙarƙashinsa, a ɗora tsohon kan keken ɗinki a sama, a sa masa ƙaramin inji da batir, sannan a yi wata sanda mai laushin kai da zai riƙa dannawa da gwiwar hannu. Ya danna, allura ta gudu. Ya sassauta, ta tsaya.

Da na gaya wa Baba, bai nuna murna ba, bai kuma hana ba. Ya ce in miƙo masa takarda. Ya auna kansa da kansa kamar mai kawo ɗinki, daga ƙasa zuwa gwiwa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, faɗin kekensa, tsawon hannu in ya miƙa. Ya sa Umma ta tura shi waje, ya daɗe, ya dawo ya ƙara layi ɗaya a ƙasa. Na duba na ga ya rubuta: ƙofa, talatin.

Farfesa ya yi mana jadawali a kwamfuta mai gidaje bakwai, duka na awon jikin mutum da na kujerarsa. Na shigar da bakwai ɗin, na juya inci zuwa milimita ina jin kaina wata babba. Na takwas bai da gida a jadawalin, sai na ninke takardar na cusa a aljihun rigar aikina. A raina na ce Baba ke nan, sai ya auna abin da ba a tambaye shi ba.

Mako shida muka yi a ƙaramin ɗakin walda da ke can ƙarshen wokshof. Ƙarfe ɗai-ɗai muka riƙa shigo da shi, Gajere yana liƙawa, ni ina gogewa, Farfesa yana gaya mana abin da muka riga muka sani. Muka ƙara kanta ta zare a sama, muka ƙara aljihun almakashi, muka ƙara wani faffaɗan allo a baya inda yadi zai riƙa kwanciya kada ya ja ƙasa. Mai kula da wokshof ɗin, wani dattijo da dukanmu ke kira Kawu, yakan leƙo ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tebur, ya dubi ƙofar, ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya wuce. Mu kuwa muna amsawa da amin da zuciya ɗaya.

Ranar baje koli jami'a ta cika tun da safe. An kafa rumfuna a filin da ke gaban ɗakin karatu, lasifika na ta kiran sunayen sassa. 'Yan aikin gona sun jero tumatir ɗin da suka shuka a cikin bututu, 'yan koyon likita suna auna jinin duk wanda ya gifta ko bai nema ba, wasu 'yan ajinmu suna bin wata 'yar mota mai tafiya da kanta, wadda ta ƙudura sai ta shiga kwata. An ce alƙalai za su iso rumfarmu ƙarfe goma sha biyu. Ƙarfe goma muka ɗaga tebur mu uku, muka nufi ƙofa, sai ƙofa ta ce ba da ita ba.

Muka juya shi ta gefe. Muka kwantar da shi. Muka ɗaga ƙafafunsa sama, kantar zare ta tokare. Gajere ya cire ƙyauren gaba ɗaya, duk da haka ƙarfe na cin bango. Na sa kafaɗa na tura da haushi, sai na ji ɓarr, hannun rigar aikina ya kama ƙusa ya yage tun daga kafaɗa. Wannan riga ita ce ɗinkin Baba na ƙarshe kafin hatsarin, kuma da na ga yagar sai da hawaye ya taru mini.

Farfesa ya buɗe kwamfuta ya ce, "Bisa lissafi dai teburin ba shi da matsala."

"Bisa lissafi ka fitar da shi mana," in ji Gajere.

Muna cikin haka na ji ƙarar tayar keken Baba a kan siminti. Umma ce ta turo shi, wai sun je rumfa sun tarar da allon sunanmu da kujera ɗaya, wani ɗalibi ya nuno musu hanya. Baba ya sha farar riga, tef a wuya. Ya dube mu, gumi sharkaf, tebur ya cije a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Ya zare tef ya auna ƙofar, ya miƙa hannu ya auna faɗin tebur.

"Ƙofa talatin da uku," ya ce. "Tebur talatin da biyar. Injiniya, ina takardar da na ba ki?"

Na ciro ta daga aljihu, duk ta yi baƙi da man inji. Ya ce in karanta layin ƙarshe da ƙarfi yadda abokaina za su ji. Na karanta. Sai Baba ya fashe da dariya, irin dariyar da rabon da in ji ta tun kafin asibiti, yana yi yana buga hannun kujera. Umma tana cewa ya bari mana, yara na cikin damuwa, ita ma tana rufe baki da gefen mayafi. Ɗan hakin da na raina ke nan ya tsone mini ido, a gaban mai hakin.

Farfesa ya ce yana da mafita. A roƙi alƙalai su zo nan ɗakin, a yi gwajin a ciki, maki dai maki ne. Gajere ya ce ko kuma a fasa gefen bango kaɗan, daga baya a gyara. Kawu, wanda ashe yana tsaye a bayanmu, ya yi gyaran murya, maganar fasa bango ta mutu nan take.

Shawarar Farfesa ta kwanta mini, har na juya zan tafi neman Dakta. Baba ya riƙo yagaggen hannun rigata.

"Mamana," ya ce, haka yake kirana in ba tsokana yake ba, "in alƙalai sun zo sun tafa sun tafi, teburin nan a ina zai kwana? Ƙofar shagona talatin ce. Ni kika yi wa, ko su?"

Sai a lokacin na hango abin da ban hango ba a mako shida: mu ci maki, a yi hoto, teburin ya zauna a ɗakin walda yana tara ƙura, Baba kuma ya koma gida ya ci gaba da zama.

"To ya za mu yi, Baba? Saura awa ɗaya da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ku dai ne ba ku fafewa. Mu teloli ranar tafiyar ake kawo mana riga a ce ta yi yawa." Ya ciro allin tela daga aljihu, ya sa Umma ta matso da shi, ya ja layi a miƙe tsawon allon bayan nan da muka yi don kwanciyar yadi. "Ku farke nan. Inci takwas. Kada ku yar, ku mayar da shi yadda zai ninku, in an shiga a buɗe."

Gajere ya dube ni, don ni ce shugabar rukuni. Wallahi da ciwo a yanka abin da aka goge aka yi wa fenti har shafi biyu. Na ce ya yanka. Farfesa ya ce ai ba mu da hinji, wato ƙarfen nan da ƙyaure ke juyawa a kai, kuma kafin a je kasuwa a dawo alƙalai sun wuce. Kawu ya tafi, ya kwance na jikin akwatin kayan aikinsa guda biyu ya ajiye a kan tebur.

Na ce, "Kawu, ashe kun gani tun tuni? Me ya sa ba ku faɗa mana ba?"

"Da na faɗa da kun manta kafin ku gama makaranta," ya ce. "Wannan kuwa har jikokinku sai sun ji labari."

Aka ja tebur baya. Gajere ya yanka, tartsatsi na tashi, Baba yana daga waje yana ba da umarni kamar shi ya koyar da walda. Farfesa ya rufe kwamfuta ya riƙe ƙarfe da hannunsa, abin da ba mu taɓa gani ba. Sha biyu saura kwata allo ya ninku, Baba ya auna ya ce ashirin da bakwai, tebur ya fita salin-alin har da sauran wuri. Muka ratsa fili da shi a guje, Umma na biye da keken Baba, ɗalibai na buɗe mana hanya suna tafi ba su ma san dalili ba.

Alƙalai uku suka iso tare da Dakta. Idon ɗayansu, wata mace mai tabarau, ya sauka kan tabon walda da ba a yi wa fenti ba, ta tambayi dalili. Na so in ce da gangan muka tsara shi haka. Na dubi Baba, sai na faɗi gaskiya tun daga jadawali mai gida bakwai. Ta yi murmushi ta rubuta wani abu, Dakta kuwa ya ce zai ƙara gida na takwas a darasin baɗi.

Baba ya shige da kekensa ƙarƙashin tebur, ya zauna daram. Ya shafa kan tsohon keken ɗinkinsa, ya zura zare ba tare da ya nemi tabarau ba. Na miƙa masa ƙyallen da muka tanada don gwaji, ya ture shi.

"Cire rigar nan ki kawo," ya ce. "Ba za a ce 'yar tela na yawo da hannu a yage ba."

Na cire na ba shi. Ya juya ta bai-bai, ya haɗa bakin yagar, ya sauke ƙafar keken a kai. Ya ɗora gwiwar hannu a kan sanda ya danna. Da farko allura ta zabura, ya sassauta, ya sake dannawa a hankali, sai sautin nan ya tashi, sautin da na girma a cikinsa, wanda ke tashe ni da safe. Ɗinkin ya tafi a miƙe tun daga kafaɗa har ƙasa. Umma ta juya baya tana share ido, ni kuwa ban ma ɓoye nawa ba, farin ciki ya yi mini yawa.

Na uku muka zo, 'yar motar nan mai son kwata ce ta ɗauke na ɗaya. Ba wanda ya damu a cikinmu sai Farfesa, shi ma na minti biyar. Da yamma aka sauke tebur a ƙofar gida, Gajere ya ninke allo, tebur ya shige shago ba tare da ya taɓa bango ba. Kafin mu gama share ƙura, maƙwabciyarmu ta leƙo da yadi a hannu tana tambaya ko an buɗe ne. Baba ya zare tef daga wuyansa ya ce ta shigo.