Goran Irin Maryamu

"Uwar Hajjo, leƙo ki ɗaga ni, bayana ya gaji da tabarma."

Na jingine taɓarya na ratsa ta ɓular danga. Duk unguwarmu a Sabon Birni an daina kirana da wannan suna tun da ƙyanda ta ɗauke Hajjo bara, sai maƙwabciyata Maryamu kaɗai. Na hana ta, ta ƙi hanuwa.

Damina ta biyu ke nan sama ta juya mana baya. Mijina Wada ya tafi kudu cin rani, ko saƙo babu. Ni da ƙaramar ɗiyata Rahmatu muna rayuwa da ƙarangiya da tafasa, irin shukarmu ma tuni munka dake shi munka sha. Maryamu kuwa Kirista ce, matar marigayi Illo maɗinki, ba ɗa ba jika, tari ya cinye ta har ƙashi. Amma bisa kanta akwai wani gora rataye, bakinsa liƙe da laka, cike da irin gero cikin toka. Duk shigar da za ni yi ɗakin nan, can idona ke fara zuwa.

Na jingina ta da bango. Numfashinta kamar zugazugin maƙera, amma wai waƙa take, irin tasu ta ranar Lahadi.

"Yaya Maryamu, don Allah ki yi shiru. Murnar mi kike yi?"

"Mai shirin tafiya gida ba ya murna? Za ni ɗan kwanta ne, Yesu ya tashe ni. Shi ma an sa shi kabari, ya fito da ƙafarsa."

"Mu ma mun san da tashin ƙiyama, ba ku kaɗai ba."

"Na sani. To mi ya sa kike ɓata rai in an ambace shi?"

Haushi ya turnuƙe ni. Ni in malam ya yi wa'azin ranar nan, cikina ɗurar ruwa yake. Ita kuwa sai ka ce biki anka gayyace ta a garin Isa. Har tana ba ni labarin yadda za ta ga Illo a miƙe, ba ƙusumbin da keken ɗinki ya yi masa, ita kuma da haƙoranta cif, ba tari. Wallahi na yi hassadar matar nan. Mace ba ɗa, ba kowa, ƙafa ɗaya cikin rami, ta fi ni kwanciyar hankali! Ni da lafiyata, ko dariya na manta yadda ake yi.

Ta kama hannuna ta ce, "In na ga Hajjo, mi za ni ce mata?"

Na fizge hannuna. "Kar ki sa ɗiyata a bakinki! Ke mi kika sani? Kin taɓa rufe ƙasa bisa abin da kika haifa?"

Ta daɗe tana tari kafin ta samu magana. "Ban taɓa ba, uwar Hajjo. Kin fi ni sanin wannan. Sauko min da goran can."

Na miƙe. Na sauko da shi, ya fi yadda nike zato nauyi.

"Naki ne. Amma binne za ki yi da shi, gobe."

"Binne? A shekara irin wagga?" Kowa ya san binne caca ce. Ka zuba iri cikin busasshiyar ƙasa ka zauna jiran ruwa, in anka yi yayyafi anka ɗauke, ya tsiro ya ƙone, ka yi biyu babu. "Yaya, wanga ya yi wa Rahmatu kunun kwanaki."

"Ya yi. Daga nan fa? Ina kwana da yunwa yana bisa kaina, ban taɓa shi ba. Ba don turmi na aje shi ba." Ta yi murmushin nan nata mai ba ni haushi. "Duk wanda ya gan ki kina zuba hatsi a ƙasa, cewa za ya yi kin yi asara. Haka za su ce in anka sa ni kabari."

Washegari da hantsi ta cika. 'Yan uwanta Kiristoci ba su da yawa, 'yan tireda ne na bakin tasha, sai wani fasto da ya zo daga Isa bisa keke. Sunka sa mata farin zane, sunka ɗauke ta suna waƙa suna tafi. Ina leƙe ta ɓular danga ina cizon leɓe. Gawa fa ake ɗauka! Ranar Hajjo, ni ƙasa na faɗi ina birgima.

Da sunka wuce na fasa bakin goran, na juye cikin faifai na sheƙe tokar. Gero jajir, mai ƙiba, rabona da ganin irinsa tun kafin fari. Rahmatu ta tsuguna gefen turmi, idonta kan hannuna, tana haɗiyar miyau. Na ɗebi tafi ɗaya na zuba a turmi na daka mata. Sauran na daɗe ina kallonsa, sannan na ɗaure shi a bakin zane na ɗauki sungumi.

A hanyar gona munka gamu da tsoho Na'Allah, mai gona kusa da tamu. Ya dubi sama, ya dube ni. "Kande, kanki ɗaya? Ko gajimare babu!"

"Baba, ni ma ina da ido."

Ƙasa ta yi zafi har tana ƙona tafin ƙafa. Ina sara, ina zuba iri, ina rufewa, Rahmatu na biye da ni.

"Inna, za su fito?"

"Maryamu ta ce za su tashi."

"Ita ta sani?"

Na duba wajen da anka kai ta, bayan gari, inda ƙurar masu rakiya ba ta gama kwantawa ba. Nan ma ta riga ni sani.

"Yanzu kam ta sani," na ce.

Na zuba 'yan ƙwayoyin da sunka rage cikin rami na ƙarshe. Na jawo ƙasa da gefen ƙafata na rufe su a hankali, yadda nike ja wa Hajjo zane in ta yi barci.